Jan Mayafin Maryamu

Lahadi, 1 ga Agusta, 1976
Jikata Scholastica ta zo hutu daga jami'a. Bayan Mas ta daɗe tsaye gaban hoton Maryamu na cocinmu. Na ba ta labarin da nake ba kowa: Fada Hendirik ya kawo shi daga Holanda a jirgin ruwa, shekararsa ɗari uku. Ta ce, "Kaka, ka yarda in kankari fentin kaɗan?" Na ce sai bayan raina.

Talata, 3 ga Agusta
Ta bi ta wajen katikis, malamin cocinmu, ya yarda. Da reza ta ɗiba, fari da ja, bai kai ƙwayar acca ba. Na juya baya. Ni da nake goge hoton nan tun ba a haifi ubanta ba.

Asabar, 18 ga Satumba
Ta dawo a jirgin ƙasa. Wai a jami'a sun gwada fentin da magunguna cikin kwalabe. Wai masu zane na Holanda na da, da dalma suke haɗa farinsu, wannan farin kuwa sai bayan yaƙin Jamus na farko aka fara yinsa. Jan mayafin ma jan ƙasa ne, irin na shafe tukwane. Na ce kwalba ba ta san Fada ba, ni na san shi. Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 19 ga Satumba
Ban je coci ba. In labarin nan ya faɗi, wa zai ƙara tambayata tarihin komai a garin nan?

Laraba, 22 ga Satumba
Jan ƙasa. Ina gyara ƙotar fartanya abin ya faɗo mini. Shekarar aurenmu, marigayiya Afiniki takan ɗebo wa Fada jan ƙasa daga rafi, a ƙwarya. Na ɗauka bango yake shafewa. Takan daɗe, wai ya ce ta zauna shiru, ni kuma ina ta faɗan abinci ya makara.
Na je na duba hoton. Ɗan yatsan hannun hagu a karkace yake, daidai inda taɓarya ta taɓa murƙushe na Afiniki.
Wa ma ya fara maganar jirgin ruwa? Ban tuna ba.

Lahadi, 10 ga Oktoba
Baƙi daga Samaru Kataf sun tambayi hoton. Na ce jan daga rafinmu yake. Holanda ban ambata ba, tsufa ne, mantuwa. Ba wai yarinyar ta yi gaskiya ba. Na dai ajiye mata acca.
Yau hannun na fara gogewa.