Zoben da Baba Ya Ɗora wa Shamuwa

Ƙauyenmu na bakin kogin Bug,
Nuwamba, 1945

Zuwa ga Yaya Bolek,

Yabo ya tabbata ga Ubangiji, ina fata daga can Chicago za ka amsa mini da amin. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da Weronika da yara. Allah ya ƙara muku ƙarfin jiki, ya tsare ka daga injinan masana'antar nan. Tunda gidan waya ya buɗe, bari in fara da abin da ya hana ka barci shekara shida: muna raye. Baba yana nan da ƙafarsa da bakinsa, Teofil mijina ya dawo daga aikin dole a rame amma da cikakkun gaɓoɓi. Doki da amalanke Jamusawa sun tafi da su, saniya ɗaya aka bar mana. Dankali da kabeji sun yi kyau bana, mun gode Allah.

Amma saura ƙiris wannan takarda ta zama ta ta'aziyya, kuma Babanka ne ya jawo. A bazarar bara Jamusawa suka mai da gonakinmu filin gwajin sabon makaminsu, roka. Daga wani daji can kudu suke harbo ta, ba ka jin zuwanta sai dai ƙasa ta girgiza. Wata ta haƙa rami ya fi gidanmu zurfi, wata ta tarwatse tun a sama, ƙarafa su zubo a kan shuka. Kafin hayaƙi ya lafa motocinsu sun iso, su auna ramin, su tsince komai har ƙusa. Suka sa mai unguwa ya yi shela cewa duk wanda aka kama da ko gutsuren ƙarfen, harbi ne, a kuma ƙone gidansa.

Ka san Baba, hali zanen dutse, bai taɓa tsallake ƙusa a hanya ba. Ga shi iskar hunturu ta kayar da sheƙar shamuwar da ke kan rufin ɗakin dabbobi, tare da tsohuwar ƙafar amalanken da Kaka ya ɗora mata, kuma babu wata ƙafar a duk ƙauyen. Ran nan ya je duba gona ya tarar da wani zoben ƙarfe na rokar a cikin kwari, faɗinsa daidai da ƙafar amalanke. Ya lulluɓe shi da ƙirare ya jawo gida, ya kafa tsani ya ɗaure shi a ƙololuwar rufi, inda duk mai wucewa zai gani. Na ce masa ya rataya mana igiya a wuya. Ya ce in rufe masa baki, wai ni da ko ƙwai ban iya dafawa ba zan koya masa zaman duniya, gidan da shamuwa ta ƙaurace wa ai kango ne. Washegari tsuntsayen suka sauka suka fara jido itace.

Da aka fara bi gida-gida ana bincike, na durƙusa na roƙe shi mu sauke. Ya ce hannun da ya taɓa sheƙar shamuwa gobara yake kira. Na ce to Bajamushe fa, ruwa zai kawo mana? Ya ce wutar Bajamushe ta mutum ce, tana iya fasawa, waccan kuwa ba ta fasawa. Yaya, na ji haushin tsohon nan har na daina sa masa gishiri a miya. Kullum in na fita tatsa sai in ɗaga kai, in ga gefen ƙarfen yana walƙiya ta ƙarƙashin ƙirare.

Ranar da suka zo mana, suka birkice ciyawa, suka leƙa rijiya, suka tsayar da mu a jikin bango. Har sun juya, babbansu ya ɗaga kai ya ƙura wa rufin ido. Ya nuna tsaninmu, ya umarci wani soja mai furfura, mai hannuwa irin na manoma, ya hau ya duba. Na ji Baba yana karanta addu'ar da ake yi wa mai cikawa. Sojan ya hau a hankali, uwar shamuwar tana ta kaɗa baki tana buɗe fukafukai. Na ga hannunsa ya shiga ƙarƙashin sheƙar, ya dafa ƙarfen, ya daɗe a wurin. Sannan ya gyara wani reshe ya rufe inda ke walƙiya, ya sauko. Ɗan Jamusancin da na tsinta ya ishe ni in gane abin da ya faɗa wa babbansu: wai tsohuwar ƙafar amalanke ce da ƙwai, a garinsu ma haka suke yi. Bai dube mu ba ko sau ɗaya. Ban san sunansa ba, ban san ko ya kai gida ba, amma duk Lahadi ina kunna masa kyandir, ko maƙwabta sun so ko sun ƙi.

Da ƙarar motar ta ɓace, Baba ya sulale ya zauna a cikin taɓo. Na yi niyyar zazzage masa duk abin da na tara, sai na fasa, na zauna kusa da shi muka yi ta kuka. Can ya miƙe ya ɗauko zarto, ya yanka tsanin nan gunduwa-gunduwa, tsanin da kuka haɗa tare kafin ka tafi. Da shi na dafa miyar yamma, na kuma sa masa gishiri. Mai rabon ganin baɗi sai ya gani.

Yanzu haka yana zaune kusa da murhu yana sa mini ido, wai in rubuta maka cewa shi bai ji tsoro ba. To, na rubuta.

Ka gaishe mini da Weronika, da Kazik da ƙaramar Jadzia da ban taɓa gani ba, da Kawu Hipolit in har yanzu kuna unguwa ɗaya. Teofil yana gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu tun Baba yana iya gane ka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Leokadia