Yawun Tau Zile Singh

Rohtak, Indiya, 3 ga Maris

Tau, yayan mahaifina,

Ram Ram, ina gaisuwa, na taɓa ƙafafunka don girmamawa. Ya gida, ya alkama?

Na ji ka hana dattawan ƙauye su ba ni yawunsu. Tau, binciken jami'a ne kawai. Da gwajin yawu muke son sanin daga ina mu ƙabilar Jat muka fito, Sindh ne ko can bayan duwatsun arewa. 'Yar auduga ce za a goga a baki, ko zafi babu.

'Yarka, Rajbala

*

Rajbala,

Ram Ram. Daga gashin kan ubangijinmu Shiba muka fito, kowa ya sani. Wa ya turo ki? Yau a ce mu baƙi ne, gobe a shigo gonakinmu da igiyar awo.

Kuma tun ranar da kika tafi ban ga bakin lofena ba. Kada ki ce mini biri ne.

Zile Singh

*

Tau,

Gaisuwa da ladabi. Ba mai taɓa gonar kowa. Dattawa goma sha ɗaya sun biyo ni tasha a ɓoye, sun bayar. Saura kai, kai da ka yi faɗa da ƙauye guda don in yi karatu. Ba gona ce ke damunka ba. Mene ne?

Rajbala

*

'Yata,

Ubangiji ya raya ki. Karanta wannan ke kaɗai.

Shekarar da aka raba ƙasar Indiya biyu, Musulmin ƙauyenmu suka gudu Pakistan. Kwana biyu bayan nan kakarki ta tsinci jaririn da suka bari a gonar rake. Ni ne. Sai da ta zo mutuwa ta gaya mini, ko mahaifinki bai sani ba.

Shekara talatin ni ke yanke hukunci a zaman dangi: wane namu ne, wane bare ne. In wannan ya fita, ba mai sake miƙa mini taba a dandali, ba mai neman auren jikokina.

Har yanzu ba ki ce komai kan bakin lofen ba.

Tau ɗinki

*

Tau,

Ram Ram. Ni na ɗauka, don yawunka da ke jikinsa. Yana cikin akwatina, ban kai shi gwaji ba, ba kuma zan kai ba.

Bara ka kori ɗan danginmu Sube da matarsa daga ƙauye don ita ba Jat ba ce. Sun haihu. Ranar Asabar zan zo tare da su, ka tarye mu a tasha mu shiga ƙauye tare.

Na taɓa ƙafafunka.

Rajbala