Dambuna Ne Kuka Nuna a Shagon Uwani

Zuwa ga Shugaban gidan talabijin da ke nuna shirin yawon buɗe ido na Malam Nura da matarsa Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Talatu, matar Malam Isiyaku manomi. Muna zaune a wani ƙauye a bakin titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Ɗambatta, ya nufi Kazaure da Daura. Sana'ata dambu. Tun babban ɗana yana goye nake turara shi a wata rumfar kara a bakin hanya, yau shi ma yana da nasa 'ya'yan. Firamare kaɗai na yi, don haka in ka ga kuskure a rubutuna ka yi haƙuri. Na aika saƙo ta lambar da kuke sakawa a ƙasan allo, na sake aikawa, ba wanda ya kula. Shi ya sa na fito da maganar fili, tunda abin da aka yi mini ma a idon duniya aka yi shi.

Na farko, ga yadda abin ya faru.

A kakar da ta wuce, ana cikin girbin gero, ranar kasuwar Ɗambatta da hantsi, wata farar mota ta tsaya a gaban rumfata. Malam Nura ya fito, ya zagaya ya buɗe wa matarsa ƙofa, sai wani mai kyamara ya biyo su. Na gane su nan take, don ba na barin shirinsu ya wuce ni. Sa'adatu ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Daga Daura muke. Wani direba ya ce mana in muka wuce nan ba mu ci dambun bakin titi ba, mun yi asarar tafiyar." Raina ya yi fari. Na buɗe madambaci, tururi ya tashi, na zuba musu na saman da ya fi warwarewa, na sa zogale da ƙuli-ƙuli da albasa, na kwarara man gyaɗa ban yi rowa ba. Ta kai loma ɗaya ta lumshe ido.

Sai mai kyamarar ya leƙa rumfar ya ce duhu ya yi yawa, ga hayaƙi, hoto ba zai fita ba. Ya waiga tsallaken titi ya hango shagon Uwani. Uwani ƙawata ce, shekara ɗaya aka kawo mu garin nan muna amare. Shinkafa da wake take sayarwa, da taliya da manja. Ɗanta da ke aiki a Legas ya gina mata shago na bulo, an shafe shi da shuɗin fenti, an zuba kujerun roba. Suka ce za su tsallaka can su ɗauki hoton, za a kira ni. Na ce to. Na miƙa musu kwanon da hannuna. Na wanke fuska, na gyara ɗaurin ɗankwali, na zauna ina jira.

Daga inda nake ina hango Uwani ta juye dambuna a farantin tangaram, ta shiga ciki ta fito da sabon mayafi. Na ga an ɗora mata wani ɗan abu a wuyan riga. Na ga suna dariya. Har suka shiga mota ba wanda ya kira ni. Sa'adatu dai ta ɗago mini hannu ta taga, ni kuma, saboda wauta, na ɗaga mata duka biyun.

Ranar da kuka nuna shirin muna gidan Malam Habu mai sola, inda matan unguwa ke taruwa kallo da la'asar. Aka nuna rijiyar Kusugu, aka nuna ƙofar gari, sai ga dambuna ya cika allo, har man gyaɗan yana ƙyalli. A ƙasa an rubuta: Dambun Uwani. Malam Nura ya tambaye ta mene ne sirrin, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Ai sirri ba a faɗarsa." Wata tsohuwa, Iya Gambo, ta ce, "Kai jama'a, wannan ai hannun Talatu ne." Duk aka juyo ana kallona. Na ɗauki takalmana a hannu na fita, sai da na kai ƙofar gida na tuna na sa su.

Na biyu, abin da ya biyo baya.

Tun daga ranar motoci ke tsayawa a tsallaken titi. Masu lambar Kano, masu lambar Abuja, matan da ke rufe hanci in hayaƙina ya taso. Su fito su tsaya a jikin shuɗin bangon nan su ɗauki hoto da waya, su ce a ba su dambun talabijin. Ina zaune ina kallo kamar wadda aka ɗaure. Har an taɓa yin wani mutum da ya ajiye motarsa a gaban rumfata, ya tare ni gaba ɗaya, ya tambaye ni ina ne wurin Uwani mai dambu. Na nuna masa. Me zan ce?

Uwani ta fara turara nata, sai ya riƙa cakuɗewa yana dunƙulewa kamar tuwo. Da ta ga baƙi suna barin saura a faranti, sai ta zo gidana da safe da goro a gefen zani. Ta ce, "Ƙawa, abin nan Allah ne ya kawo mana mu biyu. Ki riƙa dafawa ana kawo mini ta baya, mu raba riba." Na ce, "Da sunan wa?" Sai ta ce suna ai ya riga ya fita, ba a iya mayar da shi. Na ce ta ɗauki goronta.

Ranka ya daɗe, matar nan ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari da na kusa tafiya. Ni na yi wa mahaifiyarta wanka ranar da ta rasu. Yau in muka haɗu a gidan suna sai kowa ta nemi wani ɓangaren tabarma. An yi bikin 'yarta bayan sallah, na aika gudummawa amma ƙafata ta ƙi zuwa, don na ji an ce baƙi daga Kano za su zo saboda ita. Ba zan ɓoye maka ba, in na ga mota ta tsaya a ƙofar shagonta sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, in yi ta istigfari, ya sauka, wata motar ta tsaya ya dawo. Da ban san wannan ciwon ba. Mai kyamararku ne ya kawo mini shi, saboda bangon da ya fi kyau a hoto.

Na uku. Wannan na yi ta tunanin ko in bar shi, amma tunda na fara bari in ƙarasa.

Duk da abin da aka yi mini ban daina kallon shirin ba, kuma ba don tarihi nake kallo ba. Sa'adatu nake kallo. Na ga mijinta ya riƙe mata jaka suna hawa Dutsen Dala, yana tsayawa in ta gaji. Na ga ya saya mata rinannen yadi a marinar Ƙofar Mata ya yafa mata a kafaɗa a gaban marina. A Katsina, a gindin hasumiyar Gobarau, yana ba ta labari tana gyara masa, yana dariya bai ji haushi ba. A wurin mai gurasa ya gutsuro ya tsoma a yaji ya miƙa mata kafin ya ci. Yarinyar nan ba ta kai 'yata ta biyu ba, ta ga garuruwan da ni sai dai in karanta sunansu a jikin motocin haya da ke wuce rumfata. Kano da ke nan kusa, in ban da asibiti da gidan rasuwa, ban san komai nata ba.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce wa mijina Malam Isiyaku ina so in ga rijiyar nan ta Daura kafin in mutu. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba ya ce, "Rijiya kike son gani? Ga rijiya nan a tsakar gida." Na yi kwanaki ban yi masa doguwar magana ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa barin mu da yunwa ba, ya kuma lura. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ce in hau babur. Ya kai ni bakin dam ɗin da ke kusa da Ɗambatta, ya sayi soyayyen kifi a takarda, ya miƙo mini yana kallon wani wajen don kada masunta su gan shi. Ba mu daɗe ba ya ce mu tashi, awaki ba su sha ruwa ba. Na ji daɗi, Allah ya sani. Amma ina cin kifin ina tunanin da Malam Nura ne da ya cire mata ƙaya. Ka ga inda shirinku ya kai ni: mijina ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure, ni kuma ina auna shi da mijin wata.

Ban ce laifinku ne wannan ba. Na faɗa ne don ku san akwai irinmu a bayan allon, kuma abin da kuke ɗauka wasa yana shiga gidajen mutane ya zauna.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ina so a gyara sunan nan a cikin shirin, a lokacin da aka saba nuna shi, kuma daga bakin Sa'adatu, don ita ta ci ta lumshe ido, ta san daga hannun da ta karɓa. Ina so in sun sake biyo hanyar nan su tsaya su shigo rumfata yadda take, da duhunta da hayaƙinta. In kyamararku ba ta iya gani a ciki, a fito da ni rana da madambacina, ba na tsoron rana. Sannan ku ja wa ma'aikatanku kunne, duk garin da suka je su tambayi wanda ya dafa kafin su tambayi wanda ke da kujera. Ban nemi a tozarta Uwani ba, kada a ambaci sunanta da sharri. Shinkafa da wakenta na da daɗi, in za a nuna ta a nuna ta da su. Abin da nake so kawai, ranar da za a faɗi sunana ta kasance tana zaune a tsakar gidan Malam Habu, a kan tabarma ɗaya da ni. Daga nan ina jin zan iya gaishe ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci ga na kusa da na nesa, ya ɗaukaka gidanku. Malam Nura da Sa'adatu kuwa, Allah ya kai su duk inda suka nufa lafiya ya dawo da su lafiya, ya bar su tare har tsufa, ya tsare su daga idon mutane, har da nawa.

Wassalam.

Taku,
Talatu mai dambu, ta rumfar kara, hannun hagu in an fito daga Kano.