Kofin Shayi a Kan Fijo

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na mayar da kafireta jikin Fijon Baba. Kwana uku ina wanke ta, na sa sababbin gasket da na sayo a garin Sinnar. Shekara biyu motar nan tana ɓoye ƙarƙashin karan dawa, shi ya sa ta tsira.

Baba kuwa, tun dawowarmu daga gudun yaƙi bai sauka daga angarib, gadonsa na igiya, ba sai don alwala. Ko hawasharsa, gonar dawarsa, bai leƙa ba. Likita ya ce ba ciwo. Zuciya ce ta kwanta. Ina ji in ya ji kukan motarsa zai tashi. Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 9

Ta tashi! Sai tari, baƙin hayaƙi, ta mutu. Baba ko juyowa bai yi ba.

Talata, 11

Ba ta silo. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mace. Na goge fulogi, na hura jet, na murɗa sukurun iska ciki da waje har na manta inda na faro.

Aminat, ƙanwata, ta ce, "Injiniyan birnin Madani, ko in kawo jaki?" Ita kam bakinta ba ya hutu.

Laraba, 12

Ina cikin fama na ji murya daga rumfa: "Mukhtar, man ya yi mata yawa. Aza kofi."

Dabararsa ke nan tun muna yara: ya ɗora kofin shayi a kan injin, ya yi ta murɗa sukuru har shayin ya daina rawa. Na ce, "Baba, yanzu da na'ura ake yi." Ya juya wa bango fuska.

Maganarsa mafi tsawo a wata huɗu, na tare ta da girman kai. Kuma na'urar ma ba ni da ita. Na ji kunya ƙwarai.

Alhamis, 13

Ban taɓa motar ba.

Juma'a, 14

Da hantsi na karɓi shayin Baba a hannun Aminat, na ɗora a kan injin, daidai inda zai hango. Shayi na ta fantsama. Ni kuma, Allah ya yafe mini, da gangan na murɗa baibai.

"Ba nan ba! Wane irin mutum ne kai, ya zol?"

Sai ƙarar takalmi. Ya zo yana dafa bango, ya fizge sukudireba. Kunnensa na nan yadda na san shi. Rabin juyi, ya saurara. Kwata. Shayi ya kwanta lumui, injin na numfashi a hankali.

Ya ɗauke kofin ya shanye. "Halas, shi ke nan. Gobe mu ga dawa."

Asabar, 15

Mun je hawasha ta bakin tur'a, magudanar ban ruwa. Ni na tuƙa, shi yana ta faɗa wai ina cin kulocinta. Ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba.

Har yanzu na'ura ta fi daidai. Amma na sa kofi ɗaya a akwatin sifanoni.