Tabarmin Zauren Baba Labo

Dayi, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau, dawa ta shiga rumbu, sai dai yanayin Baba ne ya hana ni sukuni.

Ka tuna muna yara, yadda zaurenmu yake cika duk zaɓen shugaban ƙasa? Mutane su zo har daga ƙauyuka su tambayi Baba Labo ina aka nufa bana, inda ya nuna nan kowa zai dangwala. Ni da kai mu yi ta jigilar kunu har hannu ya sage. To Yaya, wannan zamanin ya wuce, kowa ya sani ban da Baba. Kuma ba rana ɗaya aka watse ba. Shekarar da kuɗin auduga ya faɗi, manoma suka juya. Zaɓen da ya biyo baya samari suka bi abin da suke ji a rediyo da waya. Tsofaffin da suka rage masa kuwa, yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Jam'iyyar tasa ma ta canza suna, ta canza alama, shi dai yana nan daram, wai ba ya juya wa waɗanda ya fara tafiya da su baya.

Da yake zaɓe ya sake matsowa, ranar Juma'a ya sa na shimfiɗa tabarmi duka, aka dama kunu babbar tukunya, ya sa farar rigarsa ya zauna. Har la'asar Ɗanasabe maƙwabcinmu kaɗai ya leƙo, shi ma gatari ya zo ara. Ina naɗe tabarmin ina share hawaye.

Yanzu samari sun laƙaba masa Sarkin Ƙuri'a Ɗaya. Ya ji, ya kuma ce in aka ƙirga ƙuri'u a rumfar zaɓenmu ta gindin ɗorawa aka kira wa jam'iyyarsa ɗaya, zai rufe zauren, ba zai ƙara zama a ciki ba. Ka san Baba, in ya faɗa ya faɗa. In aka raba shi da zauren nan me ya rage masa?

Na kai wa Inna Kulu kukana, sai ta ce ita ma tun shekarar auduga ta bar layinsa, don akuyoyinta aka sayar aka ci tuwo, ba ta dai taɓa gaya masa ba ne. Ni ma gaskiya ba wajensa zuciyata take ba. Don Allah ka kira shi.

Ƙanwarka,
Barakatu.

Dayi, ranar Litinin.

Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da yara. Da fatan kun yi zaɓe lafiya.

An ƙirga namu a gaban kowa. Da aka zo kan jam'iyyar Baba, samari har sun buɗe baki za su yi shewa, sai malamin zaɓe ya ce biyu. Wallahi ba ni ba ce. Baba ya miƙe yana bin fuskokin maza ɗaya bayan ɗaya, yana neman abokin tafiyarsa. Ko kallon inda mata suke bai yi ba.

Da muka dawo ya sa na shimfiɗa tabarma biyu a zaure, wai har yanzu akwai namiji mai amana a garin nan, kuma zai bayyana kansa.

Na tsare Inna a madafa. Ta harare ni, ta ce har gobe ba ta yafe maganar akuyoyinta ba, amma ba za ta tsaya tana ji a kira mijinta shi kaɗai a bainar jama'a ba. Ta ce in na kuskura na faɗa masa sai ta saɓa mini. Yaya, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Da yamma ita da kanta ta kai masa kunu zaure, ta zauna a kan tabarma ta biyun. Baba ya ce ta tashi, ta baƙonsa ce. Ta gyara zama, ta miƙa masa ludayi.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Barakatu.