Ƙafar Malam Abdulbaƙi

Rijiyar Kuka, Buji
12 ga Yuli

Zuwa ga Malama Safina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Na san kunnenki ba ya son waya yanzu, mu kuma nan sai an hau tudun makabarta ake samun sabis, shi ya sa na ba Ɗan'inna direba wannan takarda ya kawo miki Takur.

Wata huɗu ke nan da aka turo ni ƙaramin asibitin garin nan, kuma ni kaɗai ce nas. Ina so in ba ki labarin wani marar lafiya, don na yi aiki da abin da kika koya mana a aji.

Sunansa Malam Abdulbaƙi, manomi ne, zai kai shekara sittin da biyar. Yana da ciwon suga, ga gyambo a tafin ƙafarsa ta hagu, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Ƙauyensu na hayin rafi, tafiyar awa biyu a ƙasa. Da na ce ya riƙa zuwa wankin ciwon kullum sai ya yi dariya, ya ce, "'Yar nan, geron nawa fa, wa zai nome shi?"

Nan na tuna ka'idar kula da kai da kika zana mana a allo: akwai wanda za a yi wa komai, akwai wanda za a yi tare da shi, akwai wanda koya masa kawai za a yi. Na sa shi a kashi na uku. Na nuna masa yadda zai wanke da ruwan gishiri, ya tsane, ya naɗe. Ya yi a gabana, hannunsa ko rawa bai yi ba. Na haɗa masa bandeji na mako biyu da maganinsa, na rubuta a katinsa cewa yana iya kula da kansa.

Malama, ranar ce na fara jin cewa karatun da muka yi ba na cin jarrabawa ba ne kawai.

A gaida Radiyya. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗalibarki,
Zakiyya

Takur, Dutse
15 ga Yuli

Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, muna lafiya, 'yata Radiyya tana amsawa.

Na ji daɗi da ba ki bar karatunki a makaranta ba. Amma akwai abubuwan da ban gani ba a wasiƙarki. Kin gwada ganinsa? Mai suga da ya kai wannan shekaru, ido ne ke fara cin amanarsa. Kin taɓa tafin ƙafar kin tambaye shi ko yana ji? Wa ke gida tare da shi, kuma kin ga mutumin da idonki? Yana shiga gona da takalmi?

Ka'idar ba ta ce a sallami mutum don hanyarsa na da nisa ba. Cewa ta yi a auna abin da zai iya, a auna abin da yake bukata, nas ta cike abin da ya rage a tsakani. Awon shi ne aikin. Wanki ɗaya a gabanki bai isa shaida ba.

Kada ki jira mako biyun. Ki nemi mai babur ki je ki gan shi cikin kwana uku.

Allah ya taimake ki.

Safina Ubaidullahi

Rijiyar Kuka
9 ga Agusta

Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. 

Wasiƙarki ta yi kwana goma sha tara a hanya. Ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu, Ɗan'inna ya daina shigowa. Ranar Alhamis ta iso, Malam Abdulbaƙi kuwa tun Talata aka kawo shi a amalanken shanu.

Bai zo ranar da na sa masa ba. Na lura, na ce damina ce, rafi ya kawo. Ban bi sawu ba.

Tun kafin a sauko da shi na ji warin. Da na kwance ƙafar, yatsu uku sun yi baƙi, kumburin ya haura har ƙwauri. Bandejin da ke jiki ya sha laka, sauran kuma ga su cikin leda yadda na ba shi, biyu kawai aka taɓa. Matarsa, Iya Bilki, ta tsaya a bakin ƙofa. Na tambaye ta me ya hana shi wanki. Ta ce, "Da wane idon? Yau shekara guda ba ya ganin komai sai inuwa. Da lalube yake noma." Na ce ai ya yi a gabana. Ta ce, "Kin yi ta faɗa masa, nan, sama kaɗan, yawwa. A gida wa zai faɗa masa? Ni ya hana ni taɓawa, wai likita ta ce shi zai yi da kansa."

Gaskiya ta faɗa. Da bakina na yi masa jagora, sannan na rubuta cewa ya iya.

Matasa suka ɗauke shi a kan ƙyaure suka haye inda ruwa ya yanke, aka sami mota zuwa babban asibiti a Dutse. Jiya labari ya zo cewa an yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Malama, waɗanda suka tsara ka'idojin nan sun taɓa ganin ƙauyen da rafi ke rufewa? Da ban san ka'idar ba, da tsoro ya sa na riƙe shi a nan ko yana so ko ba ya so. Ita ce ta ba ni ƙarfin halin sallamarsa. Na rubuta takardar barin aiki, tana cikin jakata.

Ki yi mini addu'a.

Zakiyya

Takur, Dutse
14 ga Agusta

'Yata Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki juriya.

Radiyya ta kai ni asibitin jiya a adaidaita, na gan shi. Ya rame ƙwarai, sugansa ya ƙi sauka. Na gaya masa ni ce na koyar da ke. Sai da na kai kunnena bakinsa sannan na ji abin da yake cewa. Ya ce ko 'ya'yansa da ke ci-rani a kudu ba su san idon ya tafi ba, don da sun sani da sun raba shi da gona sun zaunar da shi a zaure. Ya ce, "Yarinyar ta tambaye ni ko na gane, na ce na gane. Ba ta tambaye ni ko ina gani ba, ni kuma na gode Allah da ba ta tambaya ba."

Ba zan ce miki ba ki yi kuskure ba. Kin yi, sau biyu: ranar da kika sallame shi, da ranar da bai zo ba kika yi shiru. Idan na ɓoye miki wannan na cuce ki.

Amma ni ma ina da kaso. Shekara ashirin da biyu ina koyar da darasin nan, ban taɓa kwana a asibitin ƙauye ba. Zanen kashi ukun nake tambaya a jarrabawa, don shi ne mai sauƙin dubawa, ke kuma kika zana shi daidai na ba ki maki cikakke. Ban taɓa kawo muku dattijo mai ɓoye lalurarsa na ce ku gano ba. Tun da na dawo daga asibitin nake juya wannan a raina.

Ga abin da ke gabanmu. Malam Abdulbaƙi ya matsa sai an sallame shi, ya ce ba zai mutu a Dutse ba, kuma ranar Laraba za su tafi. Dungulmin yana bukatar wanki kullum. Hannun Iya Bilki na rawa, na gani da ta miƙa masa ruwa. Yanzu ya koma cikin waɗanda ake yi wa komai, kuma babu wata nas kusa da shi sai ke. Iya Bilki ta ce mini ba ta son ganinki a gidanta. Duk da haka ki je. Takardar barin aiki za ta iya jira.

Ina miki addu'a kowace salla.

Malamarki,
Safina

Rijiyar Kuka
2 ga Satumba

Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Malam Abdulbaƙi ya rasu ranar Talata bayan la'asar. Allah ya jiƙansa.

Na je gidansa kullum, kwana goma sha uku. Kwana biyun farko a waje na tsaya, a na uku Iya Bilki ta ɗaga mini labule na shiga. Ciwon ya fara kyau, sai zazzaɓi ya shigo, ya ƙi yarda a mayar da shi asibiti. Ina riƙe da kansa lokacin da ya cika.

Ranar sadakar uku na durƙusa na yi wa Iya Bilki gaisuwa. Ta ce, "Shi ya yafe miki tun a Dutse, ya ce in faɗa miki. To na faɗa. Ni ce ban kai nan ba tukuna."

Na ce mata na ji.

Kada ki ba ni amsa yanzu, Malama. Idan na iya, zan sake rubutowa.

A gaida Radiyya. Na bar ki lafiya.

Zakiyya