Gireda a Maƙabartar Taskuduk

Kostanay, 3 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Yayata Ulbosin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Taskuduk baki ɗaya. Matata Zauresh da yara suna gaishe ki.

Dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne sadakar cika shekarar Baba, wadda muka tsayar ranar ashirin da shida ga Yuni. Dokin da za a yanka wa baƙi bisa al'adarmu na riga na samu, mai ƙiba, ana ba shi hatsi. Abin da ya dame ni maƙabarta ce. Ranar jana'iza na ji kunya. Shugaban ofishinmu ya taso tun daga birni, ya tsaya cikin ciyawa har gwiwa, muka dawo yana ta cire tsinke daga wandonsa. Mutumin da ya shekara talatin a kan tarakta, har aka ba shi lambar yabo, bai kamata a bar shi kwance a jeji ba.

Saboda haka ga abin da na shirya. Na ɗaya, Amantai mai gireda zai zo ya kankare wurin duka. Na biyu, a zuba tsakuwa. Na uku, a yi wa ƙofa fenti. Ke ba abin da za ki yi sai ki ba shi shayi.

Ni ne ƙanenki mai biyayya,
Sagindik Nurtazauli

Taskuduk, 14 ga Mayu

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tumaki sun haihu, ka gaida Zauresh. Na ga takardarka mai na ɗaya da na biyu, har da cikakken suna a ƙasa, kamar ba ni na goya ka ba.

Wato saboda wandon shugabanka za a feɗe maƙabarta? Ka aiko min da wandon in tsince masa.

Abin da kake kira jeji, shi kaɗai ya rage mana. Daga nan har tafki babu taki ɗaya da garma ba ta juya ba, sai wannan kadada biyun da matattu suka tsare mana. Ka san gonar da aka ba ni lokacin da gonar gwamnati ta watse. Alkama ta ƙi ta, iska tana kwashe ƙasar tana zuba min a tukunya, in ƙanƙara ta narke ruwan ya bi ta kai ya wuce bai ko gaishe ta ba. Amma ka shiga maƙabarta a tsakiyar bazara ka tona da yatsa, za ka ji danshi. Na ƙirga irin ciyawa arba'in da ɗaya a ciki, ban da tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa.

Shekara uku ke nan ina fama in mayar da gonata ciyawa. Liman Kabdolla ya ce ba a fitar da komai daga maƙabarta, ko tsinke. Na yi ta jeka-ka-dawo har ya gaji da ni, ya ce to abin da iska ta fito da shi da kanta, nawa ne. Shi ya sa na rataya ulun tumaki a jikin wayar shingen ta gefen gabas. In selew, hakin nan mai dogon gashi, ya nuna a watan Yuni, gashinsa ya taso da ƙwayarsa ya maƙale, ni kuma in bi in tsince. Mutane suna cewa Ulbosin ta zare, tana yi wa shinge sutura. Su faɗa. Bara na shuka fili kamar faɗin ɗakinmu, ya kama.

Sannan ka manta da Inna? Iccen da aka kafa mata ya ruɓe tun kana makaranta. Ba dutse, ba rubutu, tudun ma ya kwanta. Kurmin tobilgin nan, ɗan icce mai jan reshe, da ya fito a kanta shi kaɗai ne shaidarta. In ka kawo gireda, ka gaya min da me za mu gane ta?

Na sa maka ƙwayar selew ɗaya a ambulan. In ta soke ka, da gangan ne. Ka ɗiga mata ruwa ka ga yadda take murɗa kanta tana neman ƙasa. Ta fi Amantai sanin aiki.

Kada ka turo kowa. Ka ji ni?

Yayarka,
Ulbosin

Kostanay, 25 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Ulbosin,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Saƙonki ya iso, ya kuma soke ni a babban yatsa, in hakan zai faranta miki.

Yaya, ban ce ki daina aikin ulunki ba, ko da yake ana ba ni labarinsa har a nan, ni nake sunkuyar da kai. Amma ki duba, baƙi fiye da ɗari za su zo, da tsofaffi, da mata masu takalman birni. Kuma a ganina Baba da ya kashe ƙuruciyarsa yana kawar da wannan ciyawa ba zai yi kukan rashinta ba.

Duk da haka na sassauta. Ba za a kankare duka ba. Hanya ɗaya kawai za a fitar, faɗin mota, daga ƙofa zuwa kabarin Baba. Na zana wa Amantai taswira da hannuna, na sa alama babba a wurin Inna, na rubuta kada a taɓa. Zana hanya aikina ne shekara goma sha bakwai, ki bar min wannan. Zai zo ranar sha biyar ga Yuni, kina nan kina kallo.

Ina fatan magana ta ƙare a nan.

Ƙanenki,
Sagindik

Taskuduk, 12 ga Yuni

Sagindik,

Sallama, don addini ya ce a yi.

Amantai ya zo ranar tara, ba sha biyar ba. Wai an ba shi wani aiki, ya ga gara ya rage naka. Ni kuma na tafi gunduma cire haƙori. Da na sauka daga bas da yamma, ƙanshin tazargade da aka murƙushe na fara ji tun daga bakin hanya, na san an yi ɓarna. Na tarar da shi zaune a inuwar taya yana shan shayi daga kwalba, hanyarka ta miƙe ɗoɗar, tsakuwa fara fat.

Na ce, "Amantai, ina tobilgin da ke nan?"

Ya ce, "Wane, Yaya? Ai kurmi da yawa ne."

Na ce, "Na hannun dama, kai da Allah ya ba ido biyu."

Ya zaro takardarka daga hula ya miƙo min. Ya ce, "Ni abin da injiniya ya zana na bi. Ga shi nan, hagu, kada a taɓa. Ko inuwata ban bari ta faɗa wurin ba."

Na duba. Hagu ka sa, Sagindik. Ka yi da'ira mai kyau, ka ja layi biyu a ƙarƙashin rubutu. Wanda ka tsare da wannan da'ira wani baƙo ne mai gyaran rijiya da ya rasu a garin nan tun kafin a haife ka, ko sunansa ba wanda ya riƙe. Inna tana dama. Tana wani wuri a ƙarƙashin tsakuwarka, cikin tsawon taki sittin, ni da na shekara talatin da bakwai ina zuwa wurinta ban iya nuna inda take ba. Da kurmin nake ganewa, ban taɓa auna taki ba, wa zai ce in auna?

Ban zagi Amantai ba, har kuka ya yi. Ya ce a bar shi ya kwashe tsakuwar da gireda. Na ce in injin nan ya sake shiga ƙofar nan, sai dai ya bi ta kaina.

Ka zo da baƙinka. Hanya ta yi kyau, ba abin da zai taɓa wandon kowa.

Ulbosin

Kostanay, 4 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan fara ba, na yaga takarda uku.

Kwana biyu na yi a gida ba ki ce min komai ba sai "ga nama" da "miƙa wa liman fanken bawursak". Na ga yadda kika hana mutane taka hanyar, kika bi da su ta gefen waya ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da masu takalman birnin duka. Ba wanda ya yi gunaguni. Shugabanmu ya ce min hanyar ta yi kyau, me ya sa ba a bi. Na ce masa ba ta bushe ba. Tsakuwa fa, Yaya. Ya dube ni kawai.

Ga gaskiyar da ban faɗa ba. Ban san inda kabarin Inna yake ba. Ban taɓa sani ba. Shekarata uku ta rasu, ko fuskarta ba ni da ita. Duk zuwan da muka yi, ke ce a gaba, ni ina bin bayanki, inda kika tsaya in tsaya, in kin shafa in shafa. Ranar da zan zana taswirar na zauna da fensir na fi awa. Na tuna muna karkata, ban tuna ta wane hannu ba. Layi ɗaya zan rubuto miki in tambaya. Amma na ji nauyin a ce namiji ɗan shekara arba'in, wanda aka yi ta roƙon Allah kafin a same shi, bai san inda uwarsa take ba. Sai na zaɓi hagu.

Ba na neman ki ce ba komai. Ki gaya min abin da zan yi.

Ƙwayar da kika aiko, Zauresh ta jefa ta a tukunyar fure. Ta shige ƙasa da kanta kamar yadda kika ce.

Ƙanenki,
Sagindik

Taskuduk, 20 ga Oktoba

Auta,

Gaisuwa. Na daɗe ban amsa ba, don duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji ina son in jefe ka da shi.

Da ka tambaya, da na yi maka tsiya ta mako ɗaya, shi ke nan. Yanzu ga shi ka saya wa kanka ta har abada. Amma ni ma na zauna na yi tunani. Shekara nawa ina jan ka a baya kamar ɗan maraƙi, ban taɓa cewa wuce gaba ka kai mu ba. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka. Kada ka ji daɗi, naka ya fi yawa.

Ga labari. Fatar ƙasar da gireda ta feɗe, Amantai ya tura ta waje ya tara a bakin ƙofa, da saiwa da komai. Na je wurin liman na ce, "Malam, wannan fa?" Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce, "Ulbosin, ke dai ba kya barin mutum ya sha shayi. Abin da ya riga ya fita ya fita." Na kwashe ta a amalanke, na yanka gunduwa-gunduwa, na dasa a gona kamar ana yi wa riga faci. Wata biyu ina jan ruwa da ganga, bayana har yau bai miƙe ba. Fiye da rabi sun kama. Da aka yi iskar kaka, na ga ƙasa ta taru a gindinsu maimakon ta tafi. Abin da na shekara uku ina roƙo a ba ni da tsinke, kai ka ba ni da amalanke, kuma da za a mayar min da kurmin Inna da na mayar da shi duka.

Mun zauna da liman da tsofaffi biyu, kowa ya faɗi inda yake zato. Suka yi ta musu, ɗaya ya ce daidai turken waya na tara, ɗaya ya ce na sha ɗaya. Muka raba, muka aje dutse a na goma. Nan nake tsayawa ranar Juma'a, zuciyata ba ta kwanta ba.

Tsakuwar ina kwashe ta da hannu, bokiti biyar kullum. Ka ce me za ka yi. Kada ka aiko da siminti, kada ka aiko da marmara, kada ka zana komai. In kana da tsofaffin safar hannu, su nake so.

Yayarka,
Ulbosin

Taskuduk, 9 ga Mayu, 2000

Auta,

Sallama. Direban bas yana jira, ba zan tsawaita ba.

Tobilgi ya fito. Jiya na gan shi, tsiro bakwai jajaye, sun ture sauran tsakuwar sun leƙo. Gireda kansa kawai ta yanke, saiwar tana ƙasa abinta. Ba a turke na goma ba, ba a na tara ba, ba a na sha ɗaya ba. Taki goma sha huɗu ne gaba da dutsenmu. Duk sanyin nan wani bawan Allah nake ta gaya wa damuwata, ya yi haƙuri da ni.

Ban matsar da dutsen ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Ka zo ranar Juma'a, kai kaɗai, da tsohon wando. Zan tsaya a bakin ƙofa. Kai za ka shiga gaba, ka nemo ta da idonka, ni in biyo ka.

Yayarka,
Ulbosin